Littafin da Na Ɗaga a Taron Safe

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, watana biyu da fara koyarwa a makarantar 'yan mata da na gama a Argungu. Jarrabawa ta matso, amma kantocin laburare sun yi fayau, ɗalibai sun kwashe littattafai sun ƙi maidowa. 'Yan ajin ƙarshe har kuka suke yi, don su shida ke rububin littafi guda. Shugabar makaranta ta ce wa zai yi wa yara magana? Na ɗaga hannu tun kafin ta rufe baki (ina da wannan cutar, ta son a ce na iya).

Mai kula da laburaren shi ne Malam Tukur, dattijon da ke wurin tun ina ɗaliba. Ya ce mini, "Ɗiyata, ki bi su a hankali. Yawancinsu tsoro ne, ba mugunta ba." Na ce to, amma a raina na riga na shirya wuta.

Ran Lahadi, a gidanmu na Gwadangaji da ke Birnin Kebbi, na zaro wani tsohon littafin nazarin halittu daga akwatina. Tun ina aji shida na naɗe shi da takardar siminti, na rangaɗa sunana a kai. Na ce da shi zan nuna musu yadda ake riƙon littafi.

Litinin a taron safe na karɓi lasifika na fara. Na ce wadda ta riƙe littafin makaranta ta danne haƙƙin 'yar'uwarta. Na ce amana ce, kuma za a tambaye ta gobe kiyama (har aya na jawo, Allah Ya yafe mini). Sai na ɗaga littafin sama.

"Kun ga wannan? Shekara goma sha ɗaya yana hannuna, ko shafi ɗaya bai yage ba!"

Aka tafa. Daɗi ya kwashe ni, na miƙa wa Malam Tukur na ce ya buɗe ya shaida. Ya gyara tabarau, ya ɗaga takardar simintin, ya ƙura wa littafin ido. Daga inda nake tsaye na hango abin da ya gani: hatimin laburaren makarantar, shuɗi, ɓaro-ɓaro. Nan take na tuna. Aro na yi ana saura mako biyu jarrabawarmu, muna gamawa muka tashi zuwa Birnin Kebbi, littafi ya bi kaya.

Ya so ya rufa mini asiri, ya yi ƙasa da murya. Sai dai lasifikar na hannuna, kusa da bakinsa.

"Malama, wanga namu na. Na daɗe ina biɗa tai."

Sai dariya ta ɓarke tun daga 'yan aji ɗaya har malamai. 

Malam Tukur ya karɓi lasifikar. Ya ce, "Ku bar dariya. Malama ta maido nata, ban kuma yi mata faɗa ba. Duk wadda ta kawo nata satin ga, ni ba ni tambayar ta komi."

Kafin Juma'a kantoci suka fara cika. Wata ɗaliba 'yar Augie ta same ni da littafi a kumbure, ta ce ambaliya ce ta shiga ɗakinsu, wata biyar tana ɓoyon shi. "Da na ga ke ma ba a kore ki ba, sai na samu ƙarfin hali." Ban san ko godiya zan yi ba ko kuka.

Har yau ina yi wa ɗalibai nasiha kan maido littafi a kan lokaci. Amma yanzu muryata ƙasa-ƙasa take, kuma ba na hawa mumbari sai na fara zazzage akwatina.