Ranar da Gari Ya Bi Ni da Gudu

Ba za ni taɓa mantawa da safiyar da na watsa ƙauyenmu da ƙafafuna ba, ni da furfurata.

Bayan rasuwar babban ɗana (Allah ya jiƙan sa, nan za ni tsaya kan wannan), gonar gero ta koma kan ƙanensa Nasiru shi kaɗai. Sai ya fara shan ƙwayar nan da masu noma ke sha don kada su ji gajiya. Damina ta wuce, ƙwaya ba ta wuce ba. Barci ya ƙaurace masa, ido ya faɗa. Na kai shi asibiti a garin Isa a ɓoye.

Likitar ta ce ƙwaƙwalwa na da wani sinadari mai sa mutum jin daɗin abinci da hira. Ƙwaya ta saba tatso shi da ƙarfi har ƙwaƙwalwar ta gaji, shi ya sa in ya daina sha duniya ke yi masa salam. "Ban da maganin da za ni ba shi, ya riƙa gudu kullum, Baba. Zufa na taimaka wa sinadarin ya dawo kaɗan-kaɗan. Amma kada a bar shi shi kaɗai."

Wa za ni haɗa shi da shi, ni da ke ɓoye zancen? Sai ni.

Muka riƙa fita gudu bayan sallar asuba ta hanyar daji, mu dawo da tafiya kamar masu duba gona. Ran nan muna dawowa sai yaron ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ce, "Baba, mu ga wanda zai riga kai masallaci." Na tattare riga. Na shigo gari ta gefen daji a guje, hula ta faɗi, ina ihu, "Ga shi nan bayana!"

(Wanda ya san ƙasar Sabon Birni a shekarun nan ya san abin da ake nufi in dattijo ya fito daji a guje.)

Wata mata a bakin rijiya ta saki guga. "Sun taho!" Nan take gari ya kama. Mata da goyo, tsofaffi da sanda, mai shayi da butarsa a hannu. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da na ga kowa na gudu, ni ma na ɗauka 'yan bindiga ne suka shigo. Na ƙara wuta.

A cikin karan dawa na tsinci kaina kwance kusa da Liman. Ya raɗa mini, "Malam, su nawa ne?"

"Ban sani ba, Allah gafarta. Wa ya gan su?"

Ya dube ni. "Ai kai aka ce."

Da hantsi aka tara mu ƙofar mai gari. Ya ce, "Malam, mi ya koro ka?" Na sunkuyar da kai. Na gwammace a ce na taɓu da a san halin ɗana. Sai na ji murya bayana.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Ƙwaya nake sha, ina son in bari. Likita ta ce in yi gudu, Baba ke raka ni."

Ban taɓa jin kunya da alfahari sun haɗu a ƙirji ɗaya haka ba. Mai gari ya dube shi, ya ce, "Yi gudunka, yaro. Kai kuwa Malam, in za ka sake, a fara sanarwa a masallaci."

Yau Nasiru na ci, yana barci, wasu samari ma sun bi sahunsa. Ranaku masu wuya na zuwa, amma bai koma wa ƙwaya ba. Ni dai na koyi cewa a ƙasarmu tsoho ba ya gudu sai da izinin hukuma. Yanzu ladan kan ce, "Jama'a, Malam zai motsa jiki, kowa ya zauna inda yake."