Haladu da Hamsin ɗin Banki

A Kwarin Maje, bayan masallacin Juma'a, akwai wani gida mai mutum uku: Inna Yalwa, da 'yarta Barira wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, da autanta Haladu. Haladun nan ƙato ne, ya haura talatin, yana karatu, yana lissafi, ƙarfi kuwa kamar na sa. Ba mahaukaci ba ne, kada wani ya je ya ce ni na faɗa. Ciwonsa ɗaya: yadda ka ba shi magana haka zai riƙe ta, ba ya ƙara mata gishiri, ba ya rage mata. In ka ce masa ya tsaya nan, to ka tuna ka dawo ka sallame shi, in ba haka ba nan magariba za ta same shi.

Idon Inna na hagu ya daɗe da tafiya, yanar ido kuma ta fara rufe na daman. Likita ya ce in an yi aiki da wuri za ta gani, in aka yi sake shi ke nan. Don haka Barira ta ɗaura ɗamara. Tana sayar da ƙwan zabi da man shanu da daddawa ta waya: ta ɗauki hoto ta sa, mai so ya turo kuɗi, Haladu ya kai kaya. Wayarta biyu, babba ta hoto da ciniki, da wata ƙarama mai madanni wadda saƙon banki ke shigowa cikinta. Ƙaramar take ba Haladu in zai fita, don ba ta da wani ɗan aiken sai shi.

Wata rana ta aike shi tasha da kiret ɗin ƙwai wajen wani direba. Ta ce, "Kuɗi na shiga ka ba shi kayansa, kada ka ɓata masa lokaci." Direba ya ce bari ya fara tura naira dubu ya gwada, ya ga ko lambar asusun daidai take. Waya ta yi ƙara. Haladu ya duba, ya ga lallai kuɗi sun shiga, ya sunkuci ƙwai ya jera masa a gaban mota, har da yi masa addu'ar sauka lafiya. Mota ta cika ta tashi. Sai da Barira ta kusa cinye katin wayarta tana kira kafin mutumin ya turo ragowar, kuma ya turo su da giɓi. Wai ya cire na caji, da na wahalar tsayawa layi wajen mai POS.

Barira ta kama kunnen Haladu, sai da ta yi ɗage kafin ta kai. "Daga yau kada ka saki kayana sai kuɗi sun cika cif a cikin wayar nan, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

Wata rana Hajiya Kubura mai abinci, wadda babu mai saye da yawa kamarta, ta nemi man shanu ƙwarya guda za ta yi girkin suna. Haladu ya ɗora ƙwarya a ka ya isa ƙofar gidanta da hantsi. Hajiya ta tura kuɗi daidai, ba ta rage ko sisi ba. To shi bankin Barira wata ɗabi'a gare shi: in kuɗi masu kauri suka shiga, saƙo biyu yake turowa, na farko ya ce an saka, na biyu ya bi sawunsa ya ce an cire naira hamsin. Haladu ya karanta na farko ya miƙa hannu zai sauke ƙwarya, na biyu ya shigo, ya mayar da hannunsa.

"Hajiya, sun yi ciwon kai."

"Bankinku ne ya cire, ba ni ba. Ungo hamsin ka ba ni kayana."

"Yaya ta ce a cikin waya za su cika."

Hajiya ta ce wallahi ba za ta sake taɓa waya don naira hamsin ba, raini ne wannan. Haladu bai yi musu ba, bai kuma tafi ba. Ya tsaya ƙyam a rana da ƙwarya a ka. Kafin azahar man ya narke, ya biyo wuyansa, ya jiƙa riga, ƙudaje suka yi masa rakiya har gida. Aka mayar wa Hajiya kuɗinta, mayarwar ma sai da aka biya mata caji, kuma daga ranar ba ta ƙara sayen ko daddawar naira goma wajen Barira ba. Inna tana zaune bakin ɗaki tana jin faɗan, ta kai hannu tana laluben butarta wadda ke gabanta ba ta gan ta ba. Barira ta ga haka, ta bar faɗan, ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Da ta fito ta ce masa a hankali, "Haladu, caji ba abin faɗa ba ne. Duk inda ya taso a raba shi biyu, rabi mu, rabi mai saye. In mu ake bi ka tura wa mutum haƙƙinsa nan take."

Wata rana, ranar kasuwa, Malam Tukur na Tudun Ƙirya ya sayi daddawa aka sa masa a mota. Ya biya ta wajen mai POS na garinsu, ya kira ya ce ya tura, har ya biya ɗari na caji. Haladu ya yi lissafi: hamsin a cikin ɗarin nan nasu ne. Ya nufi rumfar Sabitu mai POS da cinikin ranar a aljihu, ya ce a tura wa Malam naira hamsin. Sabitu ya ce turawa ɗari ce. Haladu ya biya. Yana juyawa sai ya tsaya: ai ga wani cajin ya taso, rabinsa kuma na Malam ne. Ya kira shi ya faɗa masa. Abin da ya ɓata lamarin, Malam Tukur mutum ne mai tsoron haƙƙi, ba ya kwana da allurar wani. Ya koma wajen nasa mai POS ya turo hamsin, ya biya ɗari, ya kira ya shaida wa Haladu. Haladu ya ce to rabin wannan namu ne. Haka suka wuni, hamsin ɗaya tana zuwa tana dawowa tsakanin garuruwa biyu, masu na'ura suna ta sheƙe ayarsu. Sabitu ya ce sau ɗaya, "Haladu, ka bari mana," don ya sauke nauyi, daga nan ya ci gaba da karɓa. Ba su daina ba sai da aljihun Haladu ya koma fayau.

Ranar Barira ba ta ko yi faɗa ba. Ta zauna ta ƙirga abin da ta tara, ta ga ko rabi bai kai ba, ga shi an ce likitan ido zai zo asibitin birni ranar Alhamis, in ya tafi kuma sai wata shekarar. Abu ɗaya ya rage a gidan mai daraja, injin ban-ruwan da mahaifinsu ya bari. Maƙwabcinsu Baba Na'iya mai lambu ya taya, tayin bai kai kuɗin aiki ba. Ta sa hoton injin a waya. Wani da ya ce sunansa Alhaji Nafi'u ya saya ba ko neman ragi, ya ce ranar Alhamis da safe zai zo ya ɗauka.

Wata rana, ita ce Alhamis ɗin, Barira ta shirya Inna tun da sassafe za su je su kama layi. Ta riƙe katin banki, ta ba Haladu ƙaramar waya. "Ka saurare ni da kyau, idon Inna ne a hannunka. Saƙo zai zo kuɗi sun shiga. Wani zai biyo shi, banki ya cire hamsin ɗinsa. Ka bar masa, ba ruwanka, ba rabawa, ba kira. In ka ga biyun nan ka ba shi inji. Kafin nan kada ka saki, ko waye ya ce maka."

Alhaji Nafi'u ya iso da a-kori-kura, farar shadda tana ɗaukar ido, ƙamshin turare ya riga shi sauka. Ya gaisa da dattawan da ke zaune a dakali, ya duba inji sama-sama, ya danna wayarsa. Ƙaramar waya ta yi ƙara. Haladu ya karanta: kuɗi cif, ga sunan banki, ga komai. Alhaji ya ce wa direbansa su ɗora. Haladu ya hau kan injin ya zauna.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Alhaji. Banki bai cire hamsin ɗinsa ba."

Alhaji ya yi dariya, ya ce ai wannan riba ce, a gode wa Allah. Haladu ya ce yana jira. Alhaji ya zaro ɗari biyar, ya ce ga hamsin goma. Haladu bai kalle ta ba. Ya zaro dubu biyar. Haladu ya ce shi ba nasa ba ne, na banki ne, kuma banki da kansa yake cirewa. Dariya ta fara barin fuskar Alhaji. Ya ɗaga murya, ya ce ya biya kuɗinsa an riƙe masa kaya, zai kira 'yan sanda su tafi da gidan gaba ɗaya. Mutane suka taru. Aka karɓi wayar hannu zuwa hannu, kowa ya karanta ya ce lallai kuɗi sun shiga. Baba Na'iya ya matso ya ce, "Haladu, ɗana, kada garin neman gira a rasa ido. In mutumin nan ya fasa, da me za a yi wa uwarka aiki?"

Haladu ya ji tsoro, tsoro na gaske. Ya san sau uku yana ɓata wa Yaya ciniki, ya kuma ga kowa ya gama yarda cewa yau ma shi ne. Amma duk ya duba wayar, saƙo ɗaya yake gani.

Baba Na'iya ya kira Barira ya faɗa mata, ya buɗe murya kowa na ji. Ta ce, "Haladu, an kusa kiran Inna, kuɗi ake jira. Tunda sun shiga ka ba shi. Don girman Allah ka ba shi."

"Yaya, kin ce ko waye ya ce."

"Ni ce fa, Barira."

"Na sani, Yaya. Ba ki ce ban da ke ba."

Ta tsine wa ranar da ta fara aikensa. Ta ce yanzu za ta fita bakin asibiti ta ciro kuɗin da kati, in ta dawo gida kuwa ya nemi wata yayar. Ta kashe. Alhaji ya duba agogo, ya ce shi fa yana da nisa, ya yi wa samari alkawarin na goro in suka taya shi. Mutum huɗu suka kama Haladu, biyu a kafaɗa biyu a ƙugu. Ya kwanta ya rungume injin, hawaye na zuba, ba ya dukan kowa, ba ya kuma saki. Suka ɗaga shi da injin gaba ɗaya, suka nufi bayan mota da su.

Wayar Baba Na'iya ta yi ƙara. Muryar Barira ta canja, da ƙyar take fita. "Baba, inji yana nan?"

"Ga shi ana ɗorawa."

"Kada a ɗora. Babu kuɗi. An duba sau biyu, ko sisi bai shiga ba. Saƙon ƙarya ne."

Samari suka dire kayansu. Aka waiwaya neman farar shadda, sai gani aka yi mota ta riga ta tashi, ƙofarta ɗaya a buɗe, ta karya kwanar masallaci. Haladu yana nan kwance kan inji, bai ma san an gama ba, wayar yake kallo.

Baba Na'iya ya cire hula ya share fuska. Kunya ta kama shi, don da bakinsa ya ce a saki. Ya tambayi Barira nawa ne kuɗin aikin, ta faɗa. Ya ce ya saya a haka, ragowar Allah ya ba shi a albasar bana. Aka ɗunguma rumfar Sabitu, Haladu ɗauke da inji a kafaɗa don ya ƙi yarda a bar shi a baya. Sabitu ya tura, Baba ya miƙa masa na caji, Sabitu ya ture hannunsa ya ce yau dai a bar shi. Ƙaramar waya ta yi ƙara. Babu wanda ya motsa. Can ta sake yin ƙara, kuma ban taɓa ganin ranar da jama'a suka yi hamdala don banki ya ci musu hamsin ba sai ranar. Haladu ya sauke inji a gaban Baba Na'iya, ya goge masa ƙura da hannun riga.

Da aka kwance wa Inna ido, ta ce a kira mata autanta. Ta daɗe tana kallonsa, ta shafa kansa, ta ce, "Ashe har ka fara furfura ban sani ba." Barira ta juya baya tana gyara abin da bai ɓaci ba. Can ta ce, "Haladu, na ce ka nemi wata yayar. Na janye."

Haladu ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi, Yaya. Gida uku na shiga, duk sun ce ba sa so."