Ramin Ƙofar Gidana da Kwamitin Rage Gudu

Jama'a, yau da safe hulata ta faɗa cikin kaskon suya. Ina tsaye a ƙofar gida da asuwaki a baki, wata kamiyo, babbar motar kaya, ɗauke da albasar Garou ta wuce fuu, iskarta ta ɗauke hular ta ajiye cikin man da maiɗakina Rahina ke soya kifi. Rahina ta sa matsami ta tsamo ta, ta ɗora a faranti kusa da kifin da ya yi kwantai, ta ce, "Ga ta nan. Ita ma ta jira mai saye."

Kwana goma sha tara ke nan haka take yi mini magana, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni na jawo.

Shekara bakwai akwai rami a kwaltar da ta bi ta gaban gidanmu zuwa babbar kasuwar Malanville. Rami ne na kirki, da damina agwagin unguwa a cikinsa suke wanka. Duk abin da ke da taya in ya iso nan sai ya rusuna. Kamiyo ta yi nishi, taksin Gaya ta karkace, 'yan zemijan su sauke ƙafa biyu daga babur. A ɗan wannan tsakanin ƙamshin kifi ke shiga hanci, hannaye su leƙo ta taga, Rahina ta miƙa ƙunshi. Da ramin nan aka yi wa ɗakinmu rufin kwano, da shi muka aurar da 'yarmu ta fari. Rubutun da nake muku a jaridar nan kuwa ko gishirin miya bai taɓa saya ba. Maƙwabcina Seydou mai faci shi ma a bakin ramin ya kafa rumfa, kuma ban taɓa jin ya yi kuka da kasuwa ba.

Ana nan sai ga takarda daga wani biro, wato ofishin hukuma, mai sanyi. Wai Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya lura ana gudu da yawa a garin nan. Ya sa an yo allo mai kalma guda ta Faransanci, yana so a rubuta Hausarta a ƙasa. An kafa kwamiti na mutum goma sha biyu, har da ni, wai a matsayin masanin harshe. Da zan fita Rahina ta ce, "Ka tahi, ka sha lemo, ka yi shiru." Biyu na farko na cika su.

Zama shida muka yi, kowane zama da gasassun zabi. Mushe Khalidu, wato Malam Khalidu a bakin masu Faransanci, tsohon malamin makaranta da aka ba shugabanci, ya ce a rubuta "rage gudu" kowa ya kama gabansa. Alhaji Ibrahim Khalil, wani ɗan kasuwa mutumin Kamba, ya ɗaga hannu.

"Mushe, ba ka san mutanen kasuwag ga ba. In kac ce ma mutum shi rage, sai shi tambaye ka nawa za shi rage. Direba za shi tsaya gaban allo shina ciniki, har sai allo ya ce albarka."

Aka soke "rage". Wani ya kawo "sassauta". Nan na miƙe na gyara riga, na yi bayani cewa abin da aka ɗaure shi ake sassautawa, kamar igiyar akuya, ko zariyar wando bayan tuwon biki. Ɗan zemijan yana bisa babur ya ga an ce ya sassauta, wa ya san abin da zai sassauta? Aka tafa mini. Ina jin daga nan kaina ya fara kumbura.

A zama na uku aka ɗauko "lafa". Na ce a'a, abin da ke lafawa don kansa yake lafawa: ruwan sama, zazzaɓi, gobara, fushin mace. Ba a ba su umarni, jira ake yi. "Janye" kuma ta kogi ce, in Kwara ta ga dama bayan damina ta bar wa masu shinkafa fadamarsu. "Ja baya" ta kasuwar da ta mutu ce, kuma in ka rubuta ta a hanya, ranar nan mai faci da mai ɗori za su yi sallah. "Sauka" ta dace da farashin albasa in ta cika kasuwa, amma fasinja zai ɗauka da shi ake. Mushe ya gaji, ya ce to a sa "a hankali".

Alhaji ya ce, "Wanga kuma sai masu hankali. Su ko a ƙasa suka tahiya."

A zama na shida, bayan an gama da zabin, aka kaɗa ƙuri'a a bar allon da Faransancinsa, tunda dai direbobin ba karantawa za su yi ba. Saura tambaya guda: ina za a kafa shi? Ni kuma, da cinya biyu a ciki da tafi a kunne, na hango Mai Girma tsaye kusa da teburin Rahina, masu ɗaukar hoto suna haska kifinta duniya na gani. Na ce, "Ranku shi daɗe, ƙohwar gidana!"

Ana jibi bikin ƙaddamar da allon sai ga motar jar ƙasa da injin daɓe. Ashe motar Mai Girma cikinta a ƙasa yake, ba ta shiga rami. Abin da aka kasa yi a shekara bakwai aka gama shi kafin azahar, aka cike ramin, aka shafa kwalta a sama. Rahina tana tsaye da matsami a hannu tana kallo kamar ana binne ɗan'uwanta.

Ranar biki Mai Girma ya makara da awa uku, don haka ya iso a guje da jiniya. Ayarinsa ya take agwagwa biyu. Ya yanka ƙyalle, ya sanar cewa daga yau gudu ya ragu a wannan gari, ya shiga mota ya bar wurin da gudun da ya fi na zuwa. Allah ya saka masa, ko kifin bai kalla ba.

Tun ranar babu mai tsayawa. Issaka ɗan zemijan, wanda shekara biyar bai taɓa wuce teburin nan bai sayi kifi ba, yanzu sai dai ya ɗaga hannu yana ihu, "Inna Rahina, wallahi hancina shina son tsayawa, babur na ba shi yarda!" Ƙarshen maganar ma a bakin kasuwa ake jin ta. Seydou ya koma gyangyaɗi a kan tsohuwar taya.

Ranar Asabar Rahina ta wanke kasko ta kife, ta dube ni. "In ramina bai komo ba kahin Juma'a, Garou za ni wurin yayana. Can ko babu kwalta akwai masu cin kihi. Kai ka zamna ka ci allo."

Na yi dariya a gabanta, amma gabana ya faɗi. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa jin ta ambaci gidan yayanta da wannan muryar ba. Na ji tsoro, na kuma ji kunya.

Na garzaya biron nan mai sanyi, na roƙi a gina mana ɗan tudun nan da ake kira jandarma kwance. Wani mai ƙaramin girma ya ce shawara ce mai kyau, amma sai an kafa kwamiti ya duba sunan da ya dace da tudun. Ya tambaya ko zan shiga. Na ce ina da ciwon haƙori.

Seydou ne ya cece ni. Ran Lahadi yana alwalar azahar a gefen hanya, daidai inda aka cike, sai ya ga ruwan bai gangara ba, ya nutse. Ya danna da yatsa. Kwaltar ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Ya kira ni a hankali: "Malam, zaka ka gani. Wurin ga shina son ruwa."

To, tun ranar ibada ta ƙaru a unguwarmu. Duk magidancin da ke layin nan a wurin yake alwala, buta cike. Seydou, wanda a da sai liman ya aika a taso shi, yanzu alwalarsa ba ta jimawa, sau tara yake sabunta ta a yini. Ni kaina ban taɓa sanin ƙafata na da dauɗa haka ba. Muna zubawa, kamiyo na bi ta kai tana taya mu.

Ɗazu bayan la'asar wurin ya lotsa, ya kai faɗin ƙwarya. Sai ga Issaka a guje. Muka ji ƙaf, muka ji salati, ya taka birki, ya sauke ƙafa biyu. Ya tsaya yana duban taya, sai hancinsa ya juya da kansa.

"Inna Rahina, a ba ni na dala arba'in. Da yaji."

Ta ƙunsa masa. Da ya tafi ta ɗauki butata, ta cika ta har baki da hannunta, ta ajiye a gabana. Rabon da ta ce mini Malam tun ranar biki.

"Malam, koma. Ban ga ka wanke ƙahwar hagu da kyau ba."

Saboda haka in wannan ya isa gaban Mai Girma, ranka ya daɗe, babu wanda ya taɓa hanyarka da diga ko shebur. Allonka ma yana nan lafiya, Seydou na rataya tayoyi a jikinsa. In kuma kana da niyyar sake cike mana ramin, don Allah ka sassauta, ka rage, ka lafa, ka zaɓi duk wadda ta yi maka a ciki, aƙalla har Juma'a ta wuce.