Bes a Bikin Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da dinar bikin ƙanwata Rukayya a unguwar Abbey Wood ta Landan ba. Ko na so in manta ma, dangi ba su da niyyar bari.

Ni makaɗin jitar bes ne, jitar nan mai dogon wuya da tsarkiya huɗu, wadda ba ta da zaƙin murya, gurnani kawai take yi a ƙarƙashin sauran kayan kiɗa. Karatun injiniya ya kawo ni Landan, na ɓige a wata ƙungiya mai yin kiɗan da ake kira prog rock. Waƙarmu ɗaya takan kai tsawon huɗubar Juma'a, kuma da gangan muke karkatar da bugun yadda ƙafa ba za ta iya bin sa ba. Mun fitar da faifai, mun yi wasa har Jamus. (Yawancin masu sauraronmu dattawan Turawa ne masu gemu, da ke harɗe hannu suna gyaɗa kai kamar ana yi musu bayanin fansho.)

Umma ba ta taɓa jin kiɗana ba. A Kano, in an tambaye ta sana'ata, sai ta ce, "Yana harkar na'urori." Da ta zo bikin, na ƙudura a raina yau za ta san ko wane ne ɗanta. Na roƙi amarya ta ba ni fili.

"Yaya, mai daɗi dai ko?" ta ce. "Wanda ƙawayena za su taka."

"Ki bar min komai," na ce.

Na zaɓi wani kiɗa da na tsara da kaina, wanda bes ke yi ita kaɗai, ba ganga ba waƙa. Na hau dandamali cikin babbar riga, na naɗe hannuwanta a kafaɗa, na rufe ido, na fara. Ban taɓa kaɗawa da kyau irin na ranar ba. Yatsuna suka yi ta gudu, tagogin zauren suna rawa. Har ƙwalla na ji, ina ayyana Umma tana taɓa ta kusa da ita tana cewa, "Nawa ne."

Na kai ƙarshe, na rusuna, na buɗe ido.

Jama'a na cin shinkafa. Ƙawayen amarya na ɗaukar hoto. A gefena kuwa Kawu Sani ne tsaye, yayan Umma, wanda aka ba jagorancin taron, riƙe da makirufo, da alamar ya daɗe yana jira.

"Jama'a, mun gode da haƙurinku," ya ce. "Ɗanmu ya gama gwada na'urarsa. Yanzu zai fara."

Aka yi tafi. Shi ne tafin da na samu a ranar.

"Kawu, ai na gama," na ce a hankali. Makirufon bai san a hankali ba, ya kai maganar har teburin ƙarshe.

"Ka gama me?"

"Kiɗan. Shi ne wannan da aka ji."

Kawu ya dubi jitar, ya dube ni. "To," ya ce, "Allah ya amfana."

Daga baya na ji cewa wasu sun ɗauka jirgin ƙasa ne ke ta wucewa, wata Hajiya kuma ta je ta gaya wa mai kula da zauren cewa injin ɗumama ɗaki ya lalace.

Na sauko na zauna kusa da Umma. Ta tura min faranti.

"Turawan nan da aka ce kana yi wa wasa," ta ce, "da ƙafarsu suke zuwa su ji wannan?"

"Da ƙafarsu, Umma."

Ta jinjina kai. "Allah sarki. Ka riƙe su da kyau. Irinsu ba su da yawa."

Har yau ina kaɗa bes, kuma ina riƙe da su da kyau. Abin da na koya dai shi ne, in za ka nuna wa danginka bajinta, ka fara sanar da su cewa ka fara.