Yadda Dabo Ya Sayar da Ragon Haulatu

"Ni da kuke gani, ba a haifi ɗan damfarar da zai ci ko sisina ba. Daga muryar mutum a waya nake gane ɓarawo, tun bai gama sallama ba."

Dabo ke nan, maƙwabcina a nan Daura, katanga ce kawai ta raba mu. Wannan magana ya faɗe ta a teburin mai shayi har mai shayin ya haddace, wani lokacin shi yake ƙarasa masa. Sana'arsa ta gaskiya sayar da caja da rigar waya a bakin tasha, amma in ka tambaye shi sai ya ce maka shi ɗan kasuwar intanet ne. Mu Injiniya muke ce masa, don mun lura in aka kira shi haka har wuyansa ƙara tsawo yake yi. Baƙin tabarau ko ana hadari, ga wata 'yar na'urar sauraro da yake cusawa a kunne ya ja hula ya rufe. Sai ka gan shi yana tafe shi kaɗai yana surutu yana wurga hannu, ashe waya yake amsawa.

To, matarsa Haulatu mace ce mai neman na kanta. Da ribar ƙuli-ƙuli ta aika aka sayo mata ɗan rago Uda a kasuwar Mai'aduwa, gabansa baƙi wuluk, bayansa fari fat. Ta turke shi a tsakar gida, dusa, harawa, ƙanzo, har wanka take yi masa da sabulu. Ragon nan ya yi ƙiba har tafiya yake yi kamar mai sarauta. Burinta ɗaya ne: ta sayar da shi ta sayi injin markaɗe, ta huta da kai gyaɗarta layin injin wasu, ita ma mata su riƙa kawo mata. Duk unguwa an san da wannan buri, don ta katanga ma ina jin tana gaya wa ragon.

Da lokaci ya yi ta ce a kira Sha'aban, dillalin da ya saba sayar wa matan unguwa dabbobinsu a kara. Nan fa gogan naka ya tuma. Ya ce dillanci ya zama tsohon yayi, Sha'aban bai iya komai ba sai tauna goro da cin la'ada, kuma abin kunya ne a ce matar Injiniya guda ta kai rago kara kamar 'yar ƙauye. Shi zai sa shi a shafin talla, manyan Abuja su yi rububinsa.

"Baban Ummi, ni dai injina nake so," in ji Haulatu. "Sha'aban ko ya ci la'ada, kuɗi yake kawo mini a hannu."

Ya ce ai inji biyu ma za ta saya. Ya dinga yi mata daɗin baki har ta gaji ta ce to.

Ranar ɗaukar hoto kuwa an sha kallo. Ya shafa wa ƙahon ragon man gyaɗa, ya ɗauke shi ta gaba, ya ɗauke shi ta baya, ya kwanta rub da ciki a ƙasa wai don ragon ya fito da girma. Ragon ya ga abu yana rarrafe a gabansa, ya ja da baya ya kai masa karo, tabarau ya yi gefe guda. Bai fasa ba. Ya ɗora hotunan a shafin, ya rubuta cikakken kwatancen gida da lambar waya, ya zo wurin mai shayi yana karanta mana dokokinsa: kada ka biya kuɗin abin da ba ka gani ba, kada ka ba kowa lambar sirrin katinka, kada ka yarda da araha mai yawa. Dokokin nan fa gaskiya ne, ban ƙi ba. Matsalar dai wanda ya riƙe su.

Ba a daɗe ba waya ta shigo. Murya mai sanyi, ta manya, wai Alhaji Munzali daga Abuja. Bai yi tayi ba, bai nemi ragi ba, yadda Dabo ya faɗa haka ya ce ya saya. Ya ce ragon kyauta zai yi wa ƙaninsa, Malam Kalilu, malamin firamare a Mashi, wanda matarsa ta haihu. Malam Kalilu zai zo ya duba ya ɗauka. Sai dai yana roƙon alfarma ɗaya: kada a yi maganar kuɗi a gabansa, don mutum ne mai kunya, in ya ji tsadar ragon ba zai karɓa ba.

Ka san mu, wa zai faɗi kuɗin kyauta a gaban wanda aka yi wa? Dabo ya ce ai wannan ko ba a roƙe shi ba. Ya ajiye waya ya ce mana daga jin muryar nan ka ji ɗan babban gida.

Yanzu bari in gaya maka abin da Injiniya bai sani ba, wanda Malam Kalilu da bakinsa ya ba ni labari daga baya. Malam Kalilu ba ƙanin kowa ba ne. Bawan Allah ne da ke neman ragon suna daidai ƙarfinsa, ya shiga shafin talla ya ga hoton ragon Haulatu a ƙarƙashin sunan Munzali, da kuɗi mai sauƙi. Ɗan damfarar ya kwashe hotunan Dabo ne ya sake tallata su. Ya gaya wa Malam Kalilu ragon nasa ne, yana gidansu na gado a Daura, yayansa ne yake kula da ragon. Sannan ya sassauta murya ya ce akwai wani sirrin gida: yayan nan nasa yana da lalura, iska ce ta taɓa shi. Surutu ne da shi, yana magana shi kaɗai, yana ce wa kansa injiniya. Maganar kuɗi ce take tayar masa da ciwon, kuma in ya tashi sai ya ce ragon na matarsa ne ba a biya shi ba. Don Allah duk abin da ya faɗa a ce masa to.

Jajibirin suna sai ga Malam Kalilu da mota a-kori-kura. Yana tsayawa a ƙofar gida ya tarar da mutum cikin baƙin tabarau yana kai da kawowa, yana magana da iska yana ƙyalƙyala dariya yana cewa, "Ranka ya daɗe, ga shi ma ya iso." Alhajin bogi ne a kunnensa, amma hula ta rufe na'urar. Malam Kalilu ya ce a ransa, Allah sarki, babban mutum har da gemu.

Aka fito da rago. Dabo ya buɗe baki, ya fara daga tarihin ragon ya gangaro kan yadda shi kaɗai ya waye a Daura da kewaye, ya bi ta kan dillalai ya wanke su tas. Malam Kalilu sai to yake cewa, da sannu. Dabo ya kanne masa ido ya ce ɗan'uwan nan naka mutumin kirki ne, ka riƙe shi da kyau. Malam Kalilu ya ce to, Allah ya ƙara sauƙi. Dabo ya ɗauka zafin rana ake nufi, ya ce amin.

Malam Kalilu ya duba haƙoran rago, ya taɓa gadon baya, ya ga abu ya yi. Ya koma gefe ya tura wa Munzali kuɗinsa cif. Jim kaɗan wayar Dabo ta yi ƙara, saƙo ya shigo mai kama da na banki sak, wai kuɗi sun shiga.

Haulatu ta kira shi daga bayan ƙofar zaure. Ta ce kafin a kwance igiyar nan ya taka wurin mai POS, ga shi nan bakin titi, ya ciro ko kaɗan ne ta gani da idonta.

"Haba Haulatu, so kike ki kunyata ni a gaban ƙanin Alhaji? Ga alat ɗin banki nan baƙi da fari. Ni za a koya wa alat?"

"Ni ban san alat ba, Baban Ummi. Rago na sani, shi kuma ga shi za a fita da shi."

Ya ce ta shiga ciki ta fara share wurin da za a kafa inji. Da hannunsa ya kwance igiya, da kafaɗarsa ya tura ragon cikin mota, ya ce ya sallama duniya da lahira. Malam Kalilu don tausayi ya ce masa in ya samu hali ya zo suna gobe, gidan yana bayan makarantar firamare. Daga nan Injiniya bai nufi wurin mai POS ba, teburin mai shayi ya nufa, ya zauna yana nuna wa kowa saƙon har aka kira magariba.

Da safe ya saka babbar riga ya tafi cirar kuɗi. Mai POS ya zura kati ya ce babu komai. Dabo ya ce na'urarsa ce ta tsufa. Aka sake, babu. Ya tafi wurin wani, shi ma haka. Ya nuna saƙon, mai POS ya duba ya ce wannan ai daga lambar waya ya fito, ba daga banki ba, kowa ma zai iya rubuta shi. Dabo ya kira Alhaji Munzali, waya a kashe. Ya shiga shafin, babu Munzali babu alamarsa. Gumi ya karyo masa har cikin tabarau.

Wani mai hankali da gida zai koma ya faɗi gaskiya, a nemi Sha'aban da mai unguwa a tafi tare. Ban da mutumin naka. Ya haye babur shi kaɗai ya kama hanyar Mashi, wai zai ƙwato rago kafin Haulatu ta ji.

Ya isa ya tarar da ƙofar gida cike, an shimfiɗa tabarmi, malamai da dattawa ana cin masa. A gefe guda kuwa ga fata an shanya, rabi baƙa rabi fara. Dabo ya jefar da babur ya tsaya tsakiyar mutane.

"Ragon matata ne! Ba a biya ni ba!"

Malam Kalilu ya dubi dattawa ya girgiza kai, ya ce ai ga abin da ya ba su labari jiya, ciwon ne ya tashi. Nan take fuskoki suka yi laushi. Wannan ya ce sannu, wancan ya matsa masa a tabarma, wani ya miƙo masa kwanon masa. Dabo ya ce shi ba masa ta kawo shi ba, shi injiniya ne, ya san haƙƙinsa. Wani tsoho ya ce, "Ka ji ko, har injiniyan ya faɗa." Ya zaro waya zai nuna musu saƙo, aka karɓe wayar a hankali kada ya ji wa wani ciwo. Aka ce ya yi haƙuri za a kira ƙaninsa Munzali, ya ce shi bai san wani Munzali ba, bai taɓa ganinsa ba. Nan ne tausayi ya kama kowa, mutum ya manta ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya.

Da ya fara fizge-fizge sai majiya ƙarfi suka zaunar da shi, aka cire masa hula don iska ta sha kansa. Ga malamai a kusa, ba sai an aika ba. Suka kewaye shi da addu'a, ana yi masa tofi, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, suna cewa ai duk haka suke faɗa. Sai da ya gaji ya yi laƙwas, aka ce alhamdu lillahi ya fara sauka. Aka ba shi soyayyar hanta ya ci, don yunwa ta ci ƙarfinsa, kuma bai tambayi ta wace dabba ba ce.

Bayan azahar ina zaune a ƙofar gida sai ga mota, wani na biye da babur ɗin Dabo. Malam Kalilu da wani dattijo suka fito da shi, kowa ya riƙe hannu ɗaya, babbar riga ta yamutse, ba hula ba tabarau. Malam Kalilu na ɗauke da gorar rubutu da 'yar leda ta nama. Suka yi sallama a zaure, Haulatu ta amsa daga bayan ƙofa.

"Haulatu, gaya musu," in ji Dabo, murya ta dushe. "Gaya musu ragonki ne, kuma lafiyata ƙalau."

Ba ta kula shi ba. Ta tambayi Malam Kalilu ko ragon yana nan. Ya ce an yanka tun da hantsi, yarinya ta ci suna Murjanatu. Ta tambaya ko ya biya. Ya ce ya biya cif, ga shaidar banki a wayarsa, Alhaji Munzali ya tura wa. Wallahi ni da nake waje sai da zuciyata ta karye, don na san ta gane komai. Wahalar shekara guda ta tafi, inji ya tafi, ga wurin da ta share jiya yana jira. Na ji ta ja hanci, ta yi wa jaririya addu'ar Allah ya raya.

Malam Kalilu ya ajiye gorar a bakin ƙofa, ya ce a riƙa ba shi safe da yamma, kuma a rage barinsa yana hawa babur. Sannan ya tambaya cikin ladabi, "Baiwar Allah, tun yaushe yake fama da abin nan?"

Dabo ya zuba wa ƙofar ido, mu ma duk muka kasa kunne.

"Ya daɗe, Malam," in ji Haulatu. "Rufa masa asiri kawai muke yi."