Lissafi da Gyara

Lokacin da gidaje ke ta tsirowa a Gwarinpa, ni ke shimfiɗa wa rabin unguwar ledar ɗaki. Saboda haka da jikata Ummi, 'yar aji huɗu, ta zo tana ƙunƙuni Antinsu ta makaranta ta ba su aikin auna kewayen ɗaki da girman filinsa, sai na gyara zaman hula. Ubanta ma'aikacin gwamnati ne, ya ce a bari ya dawo daga ofis. Na ce boko na bari a aji biyu, amma awo gidana ne.

Muka tara gefe huɗu, muka ninka tsawo da faɗi, komai daidai. Sannan na rage murya na ba ta sirrin sana'a.

"Amarya, duk amsar da ta fito, ƙara biyu. Magina ba sa miƙe bango, dole a bar gyara."

"Kaka, Anti ba ta faɗa mana haka ba."

"Antinku ta taɓa yanka leda?"

Ashe ranar Litinin akwai gwaji, kuma Ummi ce ke zuwa ta ɗaya. Don kirki har ta koya wa ƙawayenta. Layinsu gaba ɗaya ya kwashi sifili, Anti ta aiko tana tambayar wane ne malamin.

Sati guda Ummi ba ta gaishe ni ba. Yanzu tana jami'a, amma ko shekaruna baƙo ya tambaya, ita ke amsawa: "Saba'in ne, ban da gyara."