Ranar da Na Mallaki Dutse Mai Hayaƙi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi takanas daga Tawa zuwa dajin Takanamat don in ga dutse mai aman wuta. Har gobe in na ji warin gawayi sai kunnuwana su ɗau zafi.

A shekarun nan ne da jam'iyyu suka cika gari, ma'aikata na yin watanni ba albashi. Ni tela ne, kuma wanda bai samu na hatsi ba ai ba ya kawo ɗinki. Don haka yawancin yinina a fada nake yin shi, wato majalisar hirarmu a gindin itacen bedi, muna dafa shayi. A fadar nan ni ne mai labari. In na buɗe baki kowa shiru yake yi, kofin farko kuma ni ake miƙa wa. Ba ni da komai a duniya sai wannan, kuma ya ishe ni.

Sai Hamidu ya dawo daga ci-rani a Kamaru. Hamidu ɗan kawuna ne, taubashina, wanda tun muna yara nake kayar da shi a kokawa. Ya dawo da rediyo mai cin kaset biyu da hoto guda ɗaya. A hoton yana tsaye da jibgegiyar riga, bayansa wani dutse ya tokare sama, hayaƙi na fita daga kansa. Ya ce dutsen in ya yi fushi wuta yake amayarwa, ta gangaro kamar kunu.

"Kuma ba a hawanshi haka kawai," in ji shi. "Akwai buro, wato ofis, gindinshi. Mutane na nan da madubin hangen nesa da rediyo, aikinsu ke nan kallon dutsi. Sai ka tambaye su ko ya kwana lahiya. In sunka ce yau ba ya son baƙi, ka koma gida."

Aka yi ta tambayarsa. Hoton ya zagaya hannu-hannu har gefensa ya yi baƙi. Ranar nan kofin farko ya wuce ta gaban hancina ya tafi wurin Hamidu. (Na ce musu dama cikina ba ya son shayi mai ɗaci. Ƙarya nake yi, Allah Ya yafe mini.) Na kawo labarin kurar da ta shiga masallaci, wanda bai taɓa faɗuwa ba, wani ya ce, "Dakata tukuna. Hamidu, to ita wutar, tana da wari?"

Ana cikin haka wani mai fataucin awaki ya kawo mini gyaran aljihu. Cikin hira ya ce a hanyarsu ta dawowa daga kasuwar Takanamat sun hangi wani tudu yana ta hayaƙi kwana da kwanaki, kuma ba gari a wurin. Ban ma gama ɗinke aljihun da kyau ba na ruga fada.

"Ku da kuke ta Kamaru, Kamaru," na ce, "to mu ma nan ƙasar Adar muna da namu."

Hamidu ya yi dariya. "Taubashi, tahi tasha ka tambayi direbobin hanyar. Ko ka leƙa wurin 'yan gandun daji, su sun san kowane tudu. Minti nawa ne?"

Shawara ce ta gaskiya. Amma abin da kunnena ya ji daban ne: so yake in tsaya tambaye-tambaye shi kuma ya riga ni zuwa, ya zama yana da dutse biyu ni ba ni da ko ɗaya.

"Kai ka tambayi na mutane," na ce masa. "Ni nawa na gida ne, ba ni neman izini."

Ranar kasuwa na lallashi Mamman mai hoto, muka hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, tare da buhunan gero. Na ari wata rigar sanyi mai kauri, duk da ana zafin bazara, saboda haka na ga Hamidu ya sa a hotonsa. A tasha direban ya tambaye mu ina za mu sauka. Na ce kan hanya. Ya ce me za mu yi a can? Na ce sirri ne. Da na faɗa masa, da a nan maganar ta ƙare.

Muka sauka, muka yanki daji a ƙasa. Mamman yana ta mita, gumi ya jiƙa ni har cikin takalmi. Can sai ga shi: tudu baƙi, hayaƙi fari yana fita ta ɓangarori. Gaskiya bai kai tsayin katangar gidanmu ba. Amma na gaya wa Mamman in ya kwanta a ƙasa ya ɗauko daga can, zai yi girma.

"Wanga abu warin itace yake yi," in ji Mamman.

"Haka suke wari. Kwanta."

Na tsaya na riƙe ƙugu. Ban lura da kututturen itatuwan da aka sare a kewaye ba, ban lura da gatarin da aka yar ba, ban kuma tambayi kaina me ya sa sawun mutane duk suka nufi daji a guje ba. Ina cikin gyara wuyan riga sai ga mutum biyu cikin kaki sun ɓullo ta bayan tudun. Babbansu ya yi sallama cikin ladabi.

"Malam, wane ne mai wanga?"

Na ɗauka labari ya fara bazuwa, har hukuma ta zo gani. Na ƙara buɗe ƙirji.

"Ni ne."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. In wani ya zo ya ce da hannunshi ciki, musamman wani Hamidu, ƙarya yake yi."

Ya gyaɗa kai, ya sa ƙafa ya ture gefen tudun. Ƙasa ta zube, sai ga itacen gawo jere a ciki yana ci a hankali. Ramin gawayi ne. Masu shi sun hango 'yan gandun daji tun daga nesa sun tsere, ni kuma na zo na tsaya a kansa da mai hoto, na rantse nawa ne.

Na fara bayani. Ka gwada gaya wa ma'aikacin da ya yini yana bin sawun masu saran itace cewa kai dutse mai aman wuta ka zo gani. Ƙaraminsu sai da ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Babban ya dubi rigata ya ce, "Sanyin dutsin ne ya sa ka saka ta?"

Suka tafi da mu Takanamat. Aka ce sai wani ya zo ya shaide ni. Mamman ya ba direban kamiyo saƙo, kuma duk faɗin Tawa bai ga wanda zai aika wa ba sai Hamidu. Washegari ya iso, ya nuna musu hotonsa, ya yi musu bayanin yadda ciwon son dutse ya kama ni. Har su ma suka zauna suna tambayarsa ko wutar tana da wari. Ina tsugune a gefe, a gaban idona, suka ba shi shayi.

Muka kama hanyar komawa har muka hango gari. Sannan Hamidu ya ce, "Taubashi, naka dutsin ya hi nawa amfani. Nawa ba a dahwa shayi da shi."

Na koma fada an sa mini suna Mai Dutsi, kuma aka ba ni aikin hura wuta, wai ni na san kanta. Labari kam ana saurarona har yanzu, amma guda ɗaya kawai suke so, wannan da na ba ku.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka kallon wuta, fara tambaya ta wane ne, ko da wanda kake jin haushi ne zai gaya maka. In kuma ka isa aka tambaye ka ta wane ne, ka ce kai ma yanzu ka zo.